Akwati na Sha Bakwai

A Bragança, a gindin tsohuwar ganuwa,
nake gadin takardun da masu su suka riga mu.
Shekara ashirin da shida ke nan.
Ko ido rufe na san ɗakunan:
na ƙasa warin rumbun da ruwa ya shiga,
na sama warin fata da tsatsar ƙusa.

Ran wata Talata, ana yayyafi,
tsohuwa ta shigo da karyayyiyar laima.
Deolinda, daga Cerdeda,
ƙauyen da mutum tara suka rage a cikinsa.
Tara da kare ɗaya, in ji ta,
karen ma na wani ne da ya tafi Faransa.

"Kakata nake nema. Perpétua.
Ba hoto, ba suna a kan kabari.
Uwata ta ce mace ce mai haƙuri,
ko yatsa ka sa mata a baki ba ta cizo."

Na ɗauko littafin baftisma.
Gobara ta cinye shekarun da muke so.
Na ɗauko na haraji: maza zalla,
kowa da gicciyen da ya zana a gurbin suna,
wani a miƙe, wani ya jingina kamar mashayi.
Mijin yana nan.
Ita kuwa, "da matarsa."
Kalma biyu, su ne likkafaninta.

Deolinda ta gyara ɗaurin ɗankwali.
Motar ƙauye ƙarfe huɗu take tashi,
kuma ba ta san jira ba.
Na ce ta ara mini minti goma.

Akwati na sha bakwai ba mai tambayarsa.
Littafin rabon ruwan kwari ne a ciki:
gonar wane, daga hudowar rana zuwa ƙararrawar coci,
gonar wane, daga nan har inuwa ta taɓa gada.
Akwai tarar akuyar da ta ci kabejin fada,
da ladan wanda ya kawo kan kyarkeci,
da rigimar dutsen niƙa da ta kai shafi bakwai
ba a gano mai gaskiya ba.

Shafi na tamanin da uku, can a gefe,
tawada ta koɗe ta zama ruwan shayi:

"Agusta, shekarar fari.
Perpétua matar Firmino
ta fasa madatsa da fartanya cikin dare,
ta kora ruwa gonar dankalinta.
An kira ta gaban dattawa.
Ta ce ruwa bai san agogo ba,
cikin 'ya'yanta ma bai san shi ba.
Tara: mudu biyu na hatsi.
Ba ta biya ba."

Ƙasa kaɗan, da wani alƙalami,
shekara ta zagayo:
"Har yanzu ba ta biya ba."

Doka ta hana taɓa takarda da hannu tsirara.
Deolinda ta ɗora yatsa a kan sunan.
Ni kuma na sami abin kallo a taga.

Sai dariya ta kufce mata,
irin wadda ke jawo hawaye a baya,
har ɗalibin da ke can lungu ya ɗago kai.
"Mai haƙuri!
Dankalin nan shi ya raya uwata.
Ashe ni duka ruwan sata ce."

Ta kwance jaka tana ƙirga sulalla.
"Nawa ne mudu biyu a kuɗin yau?"
Na ce ba mai karɓa,
dattawan sun zama ƙasa,
madatsar ciyawa ta binne ta.
Ta yi shiru, ta mai da kuɗin.
"Bar shi ma. Kada in ɓata mata suna."

Ƙarfe huɗu da kwata ta fita.
Mota ta tafi, ko a jikinta.
Ta ce tana da 'yar ƙanwa bayan kasuwa.

Da na kulle ƙofa sai na dawo,
na kunna fitila, na zaro sabon kati.
Na rubuta: Perpétua, ta Cerdeda, manomiya.
Duba akwati na sha bakwai.
A layin bayani na daɗe riƙe da biro,
sannan na sa: bashi yana nan.